Yadda Na Tarar da Mama Ebere a Jikin Bango a Accra

Tun da na dawo daga Ghana ban huta da tambaya ba. A coci a tambaye ni, a bakin shago a tambaye ni, har mai ƙosan layinmu ta tsare ni wai da gaske ne a can ba a ɗauke wuta. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba, don jiya na ji wai na mari wani Bature a gaban jama'a. Ban mari kowa ba, mutumin kuma ba Bature ba ne. Ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rifkatu. Ina da ɗan shago a Samaru ta Zariya inda nake gina shafukan intanet da ƙananan manhajoji wa makarantu da coci-coci da 'yan kasuwa. Akwai wani mutum da ake kira Dakta Roland, mai sharhi ne a kan harkar manhaja. Ɗan Afirka ne, amma a Landan ya girma. Duk Litinin yakan fitar da dogon rubutu a kan inda duniyar kwamfuta ta dosa: wane kamfani ne zai haɗiye wane, wace manhaja ce za ta mutu, me ya kamata masu irin aikina su koya. Na yi shekaru ina karanta shi kamar yadda mahaifiyata ke karanta Zabura.

Wata Litinin sai ya rubuta cewa zamanin ƙananan masu gina shafi ya ƙare. Wai manyan kamfanoni sun kwashe komai sun kai cikin abin da suke kira gajimare, wato manyan kwamfutocinsu da ke wata ƙasa, kuma duk wanda ke zaune a ɗan shago yana haɗa wa maƙwabta manhaja gara ya nemi wata sana'a tun da wuri. Rubutun ya burge ni har na tura wa mai wata makaranta a Hanwa, wanda shi ne babban mai ba ni aiki. Ni da hannuna na tura masa. Shi ma ya burge shi. Kafin zango ya ƙare ya ajiye manhajar da na yi masa ta fitar da sakamakon ɗalibai, ya sayi ta ƙasar waje.

Yayana Yohanna ya ce in rufe shagon in zo Kaduna, ya samo mini koyarwa. Na kusa amsawa. Ana cikin haka aka ce za a yi babban taron masu fasaha a Accra, mata za su shiga kyauta, kuma Dakta Roland ne babban mai jawabi. Na ce wa Yaya Yohanna ya ba ni mako biyu. Idan mutumin nan zai rufe mini shago, gara in ji daga bakinsa.

Jirgi ba nawa ba ne, don haka sai mota. Na bi Oga Chidi, mai sayar da kayan babur a Sabon Gari, wanda ke zuwa Kwatano ta ƙasar Benin saro kaya. A Unguwar Gabas ta nan Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsami. Muka hau doguwar bas ta Legas da sassafe.

Ba mu bar Kaduna ba wani mutum mai jaka ya miƙe a tsakiyar mota. Ya fara da addu'a, ya bi da waƙa, sannan ya zaro kwalba. Maganin nan, in ji shi, yana kashe basir da taifot da ciwon baya da mantuwa, yana kuma gyara aure. Ya ce duk wanda bai saya yau ba, nan da shekara biyu zai tuna da shi a gadon asibiti. Mutane suka yi ta saye. Na yi dariya a raina, na ce dubi yadda ake wasa da hankalin jama'a.

Kuskurena shi ne da matar da ke kusa da ni ta tambayi sana'ata na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Au, kwamfuta? To duba mini wayar nan, ba ta ɗaukar hoto." Na goge mata tarkacen bidiyon da suka cika ta. Labari ya zaga motar. Kafin mu kai Lokoja waya huɗu ta ratsa hannuna. Ta biyar wata mata ce ta miƙo daga baya, tana raɗa.

"Ƙanwata, buɗe mini wannan."

"Kin manta lambar sirrin ne?"

"Ban taɓa saninta ba. Ta maigidana ce."

Maigidan yana gefenta yana barci baki buɗe. Na mayar mata, na ce wannan sai manyan kamfanoni.

Muka kwana a Legas gidan wata 'yar'uwar Oga Chidi, washegari muka kama hanyar iyaka. Tun a mota yake ta yi mini huɗuba: "Malama, a can ba a surutu. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa. Kada ki ce za ki yi bayani." A tebur na farko aka duba fasfo, a na biyu katin rigakafi. A na uku wani jami'i mai furfura ya ga jakar kwamfutata ya ce in buɗe. Na kunna, sai ga aikin da na bari kafin in taso, baƙin allo cike da rubutu kore da ja.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan wane yare ne?"

Na manta da huɗuba, na shiga bayani. Ina cikin faɗin yadda shafi ke magana da rumbun bayanai na ji Oga Chidi ya taka mini ƙafa. Jami'in ya ce irin wannan baƙin allon yake gani a talabijin idan an kama 'yan damfarar intanet. Ya ce in zauna a benci. Na zauna gumi na bin bayana, ina tunanin yadda za a gaya wa Yaya Yohanna. Can ya dawo, ya zauna kusa da ni, ya waiga hagu da dama, ya zaro waya daga aljihu. Wai wata uku ke nan ya kasa shiga shafinsa na sada zumunta, kuma hotunan jikokinsa duk suna ciki. Minti biyar ban yi ba na buɗe masa. Lambar sirrin shekarar haihuwarsa ce. Ya buga mini hatimi da kansa, ya kira ni injiniya, ya raka mu har bakin ƙofa.

Muna tsallakawa layina ya mutu. Babu kira, babu taswira, babu komai. Ni da ke koya wa mutane intanet na tsaya a tashar Kwatano riƙe da waya kamar wadda aka ba ajiyar dutse. Faransancin da na sani bai wuce gaisuwa ba. Oga Chidi, wanda bai gama sakandare ba, ya yi ciniki da direba cikin yare uku, ya yagi kwalin sigari ya rubuta mini suna da lambar wata Hajiya Memuna a Accra, ya ce, "Riƙe wannan da kyau. Shi ba ya buƙatar caji." A nan muka rabu.

Ƙasar Togo ba zan ce muku komai a kanta ba, don kafin in gama cin burodin da na saya a bakin iyaka ƙasar ta ƙare.

Na isa Accra da la'asar, direba ya kai ni zangon Hausawa. Wata dattijuwa mai jiki, da tabarau a kan hanci, ta fito daga shagon atamfa ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne Rifkatu? Ka zo lafiya?"

Na waiga in ga namijin da ke bayana. Babu kowa. Ashe Hausar can ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Mu Zazzagawa, waɗanda Kanawa suka dama da tsiya don muna cewa "mace ne", ina ma a kwaso su a kawo su nan su sha mamaki. Kwana huɗu ina gidan Hajiya Memuna ana ce mini "ka ci abinci", har na fara jin kaina wani ƙato. Ita kuma abin da ya ɗaure mata kai shi ne da ta ga na sunkuyar da kai na yi addu'a kafin cin tuwo. Ta ce, "Kai Bahaushe, kuma Kirista?" Na ce muna da yawa a Zariya. Ta ƙara mini nama, ta ce to Allah ɗaya ne, amma in ci da hannun dama.

Abincinsu kuwa namu ne da ya je yawon duniya ya dawo da baƙin hali. Wake da shinkafa suna kiransa da sunansa na Hausa, sai dai sun jibga masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi, duk a ganye ɗaya. Kokonsu ma wai kokon Hausa ne, amma citta da barkonon da ke ciki sun isa su tayar da mai suma. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tasha. Mutane sun yi layi suna jiran mota, babu mai ture wani, babu mai shiga ta taga. Na tsaya ina jiran a fara kokawa irin ta tasharmu ta Kwangila, har motar ta cika ta tafi ta bar ni.

Taron a wani babban otal aka yi shi. An ce kowa ya sauke manhajar taro a wayarsa, da ita za a shiga, da ita za a karɓi abinci. Manhajar wani babban kamfani ce, ɗaya daga cikin waɗanda Dakta Roland ke yabo. Da muka taru a ƙofa ta ƙi buɗewa. Muka yi kusan awa a tsaye, manyan masana fasahar nahiya guda, kowa na daddanna waya yana ɗaga ta sama. A ƙarshe wata mai shara ta kawo littafi da biro, muka rubuta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa awon ciki.

A ciki kowa shugaban kamfani ne. Duk wanda na gaisa da shi sai ya ba ni kati mai sheƙi. Na tambayi wani mutum nawa ke aiki a kamfaninsa, ya ce a yanzu dai shi ne, amma suna shirin shiga ƙasa goma sha biyu. Da aka tambaye ni na ce ina da shago a Samaru, sai aka dube ni da tausayi kamar na ce ina da ciwo.

Bayan azahar Dakta Roland ya hau dandamali. Gajere ne fiye da hotonsa, da farin takalmin guje-guje a ƙarƙashin kwat. Gaskiya ya iya magana. Ya ce shafin intanet ya mutu. Ya ce dandalin sada zumunta ma yana gargara. Ya ce akwai sabuwar manhaja mai basira da za ta riƙe ma'aikata da kaya da abokan ciniki, ta rubuta wasiƙa, ta yi hasashen gobe. Ya ce duk kamfanin da bai rungume ta yau ba, nan da shekara biyu babu shi. A nan ne gabana ya faɗi, don na taɓa jin wannan jawabin, kuma wancan mai kwalbar na cikin mota aƙalla ya fara da addu'a.

Sai ya ce bari ya nuna mana wadda aka bari a baya. Ya danna, hoto ya cika bango.

Mama Ebere ce. Mai sayar da busasshen barkono da citta a kasuwar Sabon Gari, layin 'yan buhu. Tana zaune a tsakiyar buhunanta tana fifita da kwali, fuskarta a murtuke. Na san wannan fuskar, haka take yi idan direba ya makara.

Dakta Roland ya sassauta murya. Ya ce mu dubi wannan uwa. Ba ta taɓa jin kalmar intanet ba. Ba ta san akwai kasuwa bayan ƙauyenta ba. Tana zaune tana jiran mai saye ɗaya ya wuce, alhali duniya ta yi gaba. Wata Baturiya kusa da ni ta dafe ƙirji.

Ni na gina wa Mama Ebere shafinta shekara uku da suka wuce. Waya uku gare ta, kuma a hoton ma ana ganin kan biyu sun leƙo daga aljihun zanen da ta ɗaura a ƙugu. Da su take tura barkono Anacha da Fatakwal da Legas mota-mota. Kullum da safe sai ta ɗauki bidiyon sabon kaya ta watsa wa dillalanta, kuma idan shafin ya yi minti goma bai buɗe ba, ni ce ba zan karya kumallo cikin kwanciyar hankali ba.

Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu. Na tashi. Na ce ina da 'yar gyara. Na faɗi sunanta, na faɗi kasuwar, na ce Zariya birni ne tun kafin a san da Landan ɗin wasu. Wannan na ƙarshen bai kamata in faɗa ba, amma ya riga ya fita. Na ce idan an yarda a buɗe shafinta yanzu a gani.

Mai kula da majigi, wata budurwa da alama ta gaji da zama, ba ta jira izini ba. Ta rubuta adireshin da na faɗa. Sai ga Mama Ebere a bango karo na biyu, wannan karon da gwaggwaro da murmushi, ga jerin kayanta, ga bidiyon da ta saka da safiyar ranar tana zazzaga barkono a faranti tana cewa a yi sauri kafin ya ƙare.

Wani daga baya ya fashe da dariya, saura suka bi.

Ina tsammanin zai ji kunya. Ko gezau. Ya tafa mini, ya sa kowa ya tafa. Ya ce wannan shi ne ainihin abin da yake ƙoƙarin faɗa tun ɗazu, cewa Afirka ta wuce yadda ake zato. Ya ce tambayata ta tabbatar da maganarsa. Na zauna ina juya abin a kaina, ban ga ta inda ta tabbatar ba.

Da aka fita shan shayi ya neme ni da kansa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na tambaye shi a ina ya samo hoton, ya ce a wani rumbun hotuna ya saya, an rubuta "'yar kasuwar Afirka" a ƙasa. Na ce ya taɓa zuwa arewacin Najeriya? Ya ce ya taɓa sauka a filin jirgin Abuja, an yi awa uku ana shan mai.

Sai na yi masa tambayar da ta kawo ni tun daga Samaru. Na ce rubutunsa ya sa na rasa babban aikina, kuma ina shirin rufe shago. In rufe?

Ya ɗan ɓata fuska yana tunani. Ya ce, "Wane rubutun?"

Na gaya masa. Ya ce, "Oh, wancan. Ai kin san dole mutum ya fitar da wani abu duk Litinin." Ya zaro ƙaramin littafi ya shiga yi mini tambayoyi: yaya 'yan kasuwa ke karɓar oda, me suke yi idan babu sabis, me ya sa suka fi son saƙon murya da rubutu. Na amsa masa duka, don an koya mini ladabi. Ya rubuta shafi huɗu. Bai tambayi sunana ba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na bi layi a tasha kamar mutuniyar kirki, kuma Hajiya Memuna ta cusa mini kwalbar baƙin yajin nan ta ce, "Ka kai wa mamanka." Jami'in nan mai furfura ba ya bakin aiki, na wuce ba wanda ya kira ni injiniya.

Litinin ɗin da ta biyo baya rubutun Dakta Roland ya fito. Kansa shi ne manyan manhajoji sun gaza, gobe tana hannun ƙananan masu gini na cikin unguwa. Ya ce wannan sakamakon dogon binciken da ya yi ne a kasuwannin Afirka ta Yamma. Duk abin da na gaya masa yana ciki, har da misalin saƙon murya. Ni kuma na fito a layi ɗaya, a matsayin wata matashiya mai kishi daga wani ƙauye. Wannan karon ban tura wa kowa ba.

Na kira Yaya Yohanna na ce ya ba wani koyarwar. Ya ce me Daktan ya ce? Na ce ya ce duka biyun. Mai makarantar Hanwa bai dawo ba, kada ku ce na ce ya dawo. Yana nan da manhajarsa ta ƙasar waje, wadda ba ta motsi sai da sabis mai ƙarfi. Malamansa ne dai ke rubuta sakamako a takarda, su hau babur su zo shagona su shigar, don nan ne sabis ke kamawa.

Ranar Asabar na shiga Sabon Gari na sami Mama Ebere tana faɗa da wani direba a waya ɗaya, ɗayar tana ƙara a cinyarta. Da ta gama na nuna mata hoton da na ɗauka na bangon otal, na ba ta labari tun daga farko. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo.

"Wannan barkonon bara ne," in ji ta. "Da sun tambaye ni da na ba su na bana."

Na ce, "Mama, ba ki ji haushi ba? Cewa fa ya yi ba ki san komai ba."

"'Yata, mutum nawa ne a ɗakin?"

"Sun kai ɗari biyar."

"Duk sun ga sunan shafin?"

"Sun gani."

"To ki sa hoton a sama, ki rubuta barkonon da aka nuna a Ghana." Ta miƙo mini wayar, ta jawo wani buhu tana kwance bakinsa. Can ta ɗago. "Shi wannan Daktan, me yake sayarwa?"

Na ce magana.

"Ana saye?"

"Sosai, Mama. Har jirgi ake biya masa ya zo ya yi ta."

Ta girgiza kai a hankali, irin girgizawar da ɗan kasuwa ke yi idan ya ga wanda ya fi shi.

"Ba buhu, ba direba, ba ruwan sama da zai jiƙa masa kaya," ta ce. "Ki bar zaginsa, 'yata. Wannan ya san kasuwa."